Kwana Uku a Littafin Ƙofa

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Maris na shekarar 1961, kwamitin harhaɗa dokokin mulki ya yi zamansa na tamanin da bakwai. Su biyar ne. Zuwa wannan rana sun tace takardu dubu ɗaya da ɗari huɗu da shida, daga umarnin masu mulki na da zuwa hukunce-hukuncen kotu, sun fitar da sashi ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ƙa'idar aikinsu biyu ce. Duk abin da bai shiga kundin ba, ya mutu ranar da kundin ya fara aiki. Kuma babu abin da zai shiga sai da rubutacciyar doka, ko misali uku daga takardun hukuma, a karanta su da sunaye a gaban kowa.

Mafi tsufa a cikinsu shi ne Magatakarda, wanda ya shekara talatin da takwas yana rubuta wa babbar kotu. Mafi ƙuruciya kuwa Lauya ne, sakataren kwamitin, kuma mijin 'yar Magatakarda ta fari.

Shugaba, wani tsohon alƙali mai nauyin kunne, ya tambaya ko da sauran magana a babin tsare mutane. Magatakarda ya ce saura ɗaya. Tun kafin a haife shi, in hukuma ta tsare mutum, sai ta kai shi gaban alƙali cikin kwana uku, in ba haka ba mai gadin kurkuku ya buɗe masa ƙofa. Bai ga wannan a cikin babin ba.

"Baba, mun neme ta," in ji Lauya. "Babu ita a ko wace takarda. Kowa ya san da ita, amma babu wanda ya taɓa rubuta ta."

"To ai shi ya sa. Wa ke rubuta wa kansa hanyar gidansu?"

"Kundi ba ya karɓar an ce, Baba."

"Ranar da ka zo neman aure, cewa aka yi kai mutumin kirki ne. Ban nemi misali uku ba."

Aka yi dariya, har Shugaba ya tambayi abin da aka faɗa. Da aka maimaita masa, sai ya ba Magatakarda mako guda ya kawo shaida.

Kwana huɗu surukan biyu suka yi a ɗakin ajiyar tsohon kurkuku, ɗaki mai taga ɗaya da warin takarda jiƙaƙƙiya. Littattafan ƙofa, inda masu gadi ke rubuta shigar kowa da fitarsa, guda arba'in da ɗaya ne. Gara ta cinye ashirin da tara. A sauran ma, yawancin masu gadin "an sake shi" kawai suke rubutawa. Mai gadi ɗaya ne, a littafin 1923, ya saba rubuta dalili. Lauya ya samu wani mahauci a watan Afrilu, ya samu wani malamin makaranta a watan Yuli, kowanne da jimla iri ɗaya: "An sake shi domin kwana uku sun cika ba a kai shi gaban alƙali ba, kamar yadda aka saba."

"Biyu ke nan," in ji shi. "Saura ɗaya."

Magatakarda bai duba littafin ba. Ya ce, "Buɗe Nuwamba, wajen ƙarshe."

Lauya ya buɗe, ya bi layin da yatsa, ya tsaya. Sunan surukinsa ne, da shekarunsa, ashirin da ɗaya.

"Hatimin kotu ne ya ɓace a hannuna," in ji tsohon. "Aka ce na sayar. Ashe a aljihun rigata yake, a gidan mai wanki. Ko uwar matarka ba ta sani ba."

Lauya bai yi dariya ba. Shi ne ya ajiye takardun naɗin kwamitin, ya kuma san kowannensu ya sa hannu a kan cewa ba a taɓa tsare shi ba. Wanda aka samu da saɓanin haka zai sauka, kuma sunansa ba zai shiga kundin ba.

"Baba, a ba mu wata guda, mu nemi wani."

"Na riga ka nema. Tun bara nake zuwa ɗakin nan. Babu wani."

"To me ya sa kuka bari sai yanzu?"

Magatakarda ya daɗe yana goge tabaransa. "Ina son in ga sunana a ƙarƙashin kundin nan. Sai na yi ta fatan ku yara za ku tuna da maganar kwana ukun ba sai na yi magana ba." Ya mayar da tabaran. "A kwanana na uku a tsare ina jin sawun mai gadi yana zuwa da makulli. Bai san ni ba, ba ya ƙaunata. Ya san dai kwana uku sun cika. Wanda zai gaje shi kundinku kaɗai zai sani."

Ranar Talatar da ta biyo, Lauya ya karanta misali biyu, ya kasa ci gaba. Magatakarda ya karɓi littafin ya karanta na ukun da kansa, da ƙarfi saboda Shugaba ya ji. Sannan ya rufe alƙalaminsa, ya yi sallama da kowa, ya fita.

Kundin ya fara aiki ranar ɗaya ga Janairun 1962, da sa hannun mutum huɗu. A shekararsa ta farko, mutum goma sha bakwai suka fita daga tsare a ƙarƙashin sashi na ɗari biyu da goma sha biyu, sashin kwana uku.