Santimita Biyu

Ni na rubuta manhajar da hannuna, shi ya sa ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Wani asibiti ne ya ba ofishinmu aikin. Likita zai buɗe hoton cikin mara lafiya a allo, ya motsa linzamin kwamfuta, sai layi biyu sirara, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, su riƙa bin hannunsa. Inda suka gitta juna nan ne saiti, a gefe kuma lamba ta nuna zurfin wurin daga fata. Sati uku na yi ina lallashin layukan nan. Kore na yi su, don kore ne launin da mijina yake so. Ban san cewa wata biyu bayan nan hotonsa za a shimfiɗa a ƙarƙashinsu ba.

Dogo nake ce masa, shi kuma ya ce mini Injiniya. An ga wani kumburi kusa da ƙodarsa, aka ce ranar Talata da ƙarfe goma za a soka allura a ɗebo kaɗan a gwada. Tun Litinin aka kwantar da shi.

Da safiyar Talatar ina goge rigar da zan kai masa, Inna, mahaifiyarsa, ta leƙo ɗakin.

"'Yar nan, nuna mini abin da aka ce yana cikin ɗana."

Na buɗe mata hoton a ƙaramar kwamfutata, na ɗora saitin a kan kumburin. Huɗu da ɗigo biyu. Na haddace lambar nan kamar ranar aurenmu. Inna ta karɓi linzamin tana jujjuya shi, yatsanta ya murza ƙaramar tayar da ke samansa, shafin ya zame ƙasa.

"Au, na ɓata miki?"

"Ba komai, Inna."

Na mayar da saitin kan kumburin. Layukan suka zauna daidai, lafiya lau. Lambar ta ce shida da ɗigo biyu.

Sai da na ji ƙaurin rigar sannan na tuna da dutsen guga. Na mayar da shafin sama: huɗu. Na jawo shi ƙasa: shida. Kullum a saman shafi nake gwaji, ban taɓa sa manhajar ta cire tazarar da shafi ya zame ba. A allon likita kuwa bayanan mara lafiya ne a sama, dole sai ya gangara kafin ya ga hoton. Kuma jiya, a gabana, ya ce, "Wajen santimita shida za mu shiga." Na ji shi, na ce a raina ai shi ne likita.

Ƙarfe tara da minti ashirin. Na kira wayar Dogo, a kashe. Na kira asibitin, tana ta ringin ba mai ɗauka. Na suri kwamfutar na fita da silifas ɗin wanka, Inna na bina da kira.

A cikin tasi ban ga titi ba. Bayansa nake gani, da ɗan tabon da ke ƙasan kafaɗarsa, da allura tana wuce inda ya kamata ta tsaya. Ni da na ce zan tare masa ko ruwan sama ne.

"Malam direba, don Allah taka ta."

"Hajiya, danja ce fa, ba ni na kunna ta ba."

A asibitin, a ƙofar ɗakin da aka shigar da shi, wata nas ta sa hannu ta tare ni.

"Ina zuwa haka? An riga an shirya shi."

"Lambar ƙarya ce! Ki ce wa likita kada ya taɓa shi!"

Ihuna ya fito da likitan, safar roba a hannunsa ɗaya. Ta bayansa na hango Dogo kwance rub da ciki, an shafe bayansa da magani ruwan ƙasa.

"Likita, manhajarka, ni na rubuta ta. Da kuskure a ciki." Na buɗe kwamfutar a kan benci, na nuna masa: sama, huɗu, ƙasa, shida.

Ya koma allonsa, ya ɗauko ma'aunin da ke gefen hoton ya auna da kansa, sau biyu. Sannan ya ɗora yatsa santimita biyu gaba da kumburin, kan wani farin zare.

"Kin san mene ne wannan? Jijiyar jini ce."

Na zauna a ƙasa.

"Mutum nawa aka auna da ita?" na tambaya.

"Bakwai. Shi ne na farko da za mu soka." Ya juya ga nas. "A rufe manhajar nan. Ke kuma da kika rubuta ta, ki kira shugabanki yanzu, ki faɗa masa da bakinki."

Na ce to. Na san watakila aikin ya tafi ke nan.

Daga kan gadon, fuskarsa a cikin filo, Dogo ya ce, "Injiniya, kuka kike yi? Ina rigata?"

"Na ƙona ta."

"Koriyar?"

Likita ya sa sabuwar safa, ya rubuta huɗu da ɗigo biyu a takarda da biro, ya manna a jikin allon, nas ta ja ƙofar. Na ciro wayata na nemo lambar shugabana.