Fenti a Kan Teburin Baba

Mai Fenti mutum ne da ba ya iya ganin katako tsirara ya wuce. Ko ƙofar maƙwabci ya ga ta koɗe, sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Mahaifinsa kuwa, tsohon kafinta, tun da can cewa yake fenti mayafin maƙaryata ne, wai sai wanda aikinsa ya ɓaci ke lulluɓe shi. Don haka tun ranar da ɗan ya ajiye zarto ya ɗauki buroshi bai taɓa jin ko "sannu da aiki" daga bakin tsohon ba. Ga shi har furfura ta fito wa ɗan, amma abin bai daina cin ransa ba.

Yanzu tsohon ido ya tafi, ƙafa ma sai da jagora. Abin da ya rage masa shi ne teburin aikinsa da ke rumfar ƙofar gida. Kullum da safe Auta, ƙanwar Mai Fenti, takan zaunar da shi a gefensa, ya miƙa hannu ya dafa ƙafar teburin. Kowa ya ɗauka tsoron faɗuwa yake yi.

Teburin nan, a faɗi gaskiya, ba abin nuna wa baƙo ba ne. Zarto ya ci shi, guduma ta lotsa shi, ga tabon ƙuna inda tukunyar gam take zama, ga wani gurbi a bakinsa da tafin hannun tsohon ya sassaƙe saboda yawan dafawa. Ƙafafunsa duk zane-zanen wuƙa ne. Mai Fenti in zai wuce sai ya kau da kai.

Rannan sai ga wata mata daga gidan tarihi, mai tabarau, da farar safar hannu a jaka. Ta gaida tsohon har ƙasa, ta ce gidan nasu zai yi bikin cika shekaru da buɗewa. Da can kayan manya kaɗai suke adanawa, yanzu kuwa za su buɗe ɗaki na masu sana'a, don jikoki su san hannun da ya gina garin. Ta zagaya teburin tana ɗaukar hoto, har da durƙusawa.

"Baba, za ka ba mu shi?"

Tsohon ya yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba. "'Yata, wannan da ko mai itace ba zai saya ba?"

"Shi muke so, Baba. Kamar yadda yake."

"To ku ɗauka. Amma ranar bikin ku kai ni in gaishe shi."

Mai Fenti ya ji "kamar yadda yake" sarai, amma ya ɗauke ta irin maganar kunya da baƙo kan yi. Wa zai kai abu gaban jama'a da dattinsa? A zo a karanta sunan ubansa a jikin wannan tarkace, a ce 'ya'yan ba su da zuciya? Ya ce wa matar kada su wahalar da motarsu, shi zai kai musu da kansa. Ya kira mai kura, aka wuce da teburin shagonsa.

Bai taɓa yi wa wani aiki irin wannan ba. Ya sa inji ya shafe saman har gurbin hannun ya ɓace. Ya bi kowane rami da kowane zane ya cike da foti, ya goge da samfefa mai kaushi, ya bi da mai laushi. Sannan ya shafa fenti ruwan ƙasa, ya bar shi ya bushe, ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Da ya gama har fuskarsa yake gani a ciki. Ya ji daɗi ƙwarai, don a ganinsa yau ya fitar da ubansa kunya.

Da ya yaye zanen da ya rufe teburin a harabar gidan tarihin, matar ta ƙura masa ido. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Malam, ina teburin?"

"Ga shi kuwa. Ɗan gyara na yi masa."

Ta shafa bakin teburin, daidai inda gurbin yake a da. "Zo ka ga wani abu," in ji ta.

Ta shigar da shi sabon ɗakin. Ga uwar maƙera baƙa ƙirin, tsakiyarta ta lotsa. Ga keken ɗinki da zanen jikinsa ya goge inda tela yake ɗora hannu. Ga jakar ungozoma da aka ɗaure hannunta da igiya. Babu wanda aka wanke, balle a shafa masa mai.

"Sabon tebur ai ko'ina akwai," ta ce a hankali. "Mu hannun mutum muke ajiyewa. Wanda ya yi aiki ya tafi, abin da ya bari ke nan."

Mai Fenti ya yi saurin cewa, "To a kankare fentin mana. Yau ɗin nan zan kankare."

"Fenti zai fita. Abin da inji ya cinye fa?"

Matar ba ta ƙara masa zafi ba, ta ce alkawari ta yi wa tsoho, za ta kafa teburin, ta rataye hoton yadda yake a da a bangon bayansa.

A gida bai faɗa wa kowa ba. Tsohon kuwa kullum sai an zaunar da shi a rumfar, ya miƙa hannu ya kama iska, sannan ya tambayi saura yaushe bikin. Auta ta wanke masa babbar riga, ta kai aka goge.

Ranar bikin gidan tarihin ya cika. 'Yan makaranta suna ta danna hanci a gilashi, wani dattijo ya tsaya gaban keken ɗinkin yana share hawaye, wai da irinsa uwarsu ta ciyar da su. Mai Fenti ya riƙo hannun ubansa suna ratsa mutane, yana jin kamar kotu za shi. Auta ce ta fara hango teburin. Ta dubi hoton, ta dubi teburin, ta dubi wanta.

"Yaya, me ka yi?"

"Yi shiru, don Allah."

A gidan tarihi ba a taɓa kaya, amma matar ta ɗage igiyar da aka kewaye teburin da ita. "Baba, ga mutuminka. Kai an yarda ka taɓa."

Tsohon ya miƙa hannun hagu kai tsaye inda ya saba. Hannun ya zame. Ya sake lalubawa, ya bi bakin teburin daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Sai ya ce a durƙusar da shi. Suka riƙe shi, ya kama ƙafar teburin yana bin ta da yatsa daga ƙasa zuwa sama.

"Me kake nema, Baba?" in ji Auta.

"Tsayinku. A nan nake auna ku da wuƙa. Na yayanki yana wannan ƙafa, naki a waccan." Ya koma ƙafar da yakan dafa kowace safiya. "Nan kuma na wanda ke tsakaninku ne. Ke ba ki san shi ba, yayanki ma yana ƙarami. Zanensa bai wuce gwiwata ba ya tsaya, Allah ya karɓi abinsa. Ko hotonsa ba mu da shi."

Mai Fenti ya tuna yadda ya cike waɗannan 'yan zane da babban yatsansa, yana ma waƙa. Hoton teburin yana nan a bango, zanen ya fito raɗau a ciki, amma me makaho zai yi da hoto?

Aka ɗaga tsohon. Ya shafa saman teburin da tafin hannu, a hankali, irin shafar wanda ya san katako.

"Wanda ya yi fentin nan ya iya aiki," ya ce. "Ko wuri ɗaya bai bari ba. Allah ya yi masa albarka."

Maganar da Mai Fenti ya yi shekaru yana jira ke nan. Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takalminsa.

Tsohon ya juya wajen da yake jin numfashin matar. "'Yata, kun yi ƙoƙari, amma an musanya muku. Wannan na wani ne." Ya lalubo hannun ɗansa ya riƙe gam. "Tashi mu je gida. Wataƙila nawa yana can rumfa, ba a ɗauko ba."