Abin da ke Ƙarƙashin Murfi

Ni dai ban taɓa ganin Alhaji Jumare ya miƙa wa mace kuɗi hannu da hannu ba. Dillalin rake ne, mutumin Kudan. Duk Laraba, idan ya gama loda motocinsa a kasuwar Maƙarfi, sai ya shigo gidan abincin Hajiya Kulu inda nake aiki, ya ci tuwon shinkafa da miyar taushe. In ya wanke hannu sai ya ɗauki murfin kwanon ya kife a kan tebur, ya je ya biya Hajiya kuɗin abincinta, ya fita ko waiwaye ba ya yi. Idan na zo kwashe kwanuka na ɗaga murfin, sai in tarar da rabona a ƙasa.

Ba shi kaɗai ba, haka al'adar wurinmu take, kuma ba wanda ya san wa ya fara ta. Murfi a kife, na wadda ta kawo abincin ne. Mai bayarwa ba ya jin nauyi ko ɗan kaɗan ya ajiye, mai karɓa ba ta durƙusa wa kowa, mijin wata kuma ba ya jin an ce an ga matarsa tana karɓar kuɗin direba. Wani ya bar canjinsa, wani goro, wani bai bar komai ba, ba a kuma yi masa kallon banza. Albashin Hajiya kuwa, in na cire kuɗin mashin daga Nasarawan Doya zuwa Maƙarfi, abin da ya rage ko sabulu sai an yi dabara. Murfin nan shi ke riƙe da gidana tun rasuwar maigidana. 'Yata Nana Firdausi har tambayata take in na dawo, “Umma, yau murfi ya haihu?”

Hajiya Kulu uwa na ɗauke ta, ba uwar ɗaki ba. Ita ta ba ni aiki ina fita takaba, ita ta koya mini tuƙin tuwon da ba ya gudaji. Shi ya sa ranar da tukunyar gas ta kama da wuta rumfarta ta ƙone ƙurmus, na same ta zaune kan turmi tana kuka, ban yi shawara da kowa ba. Na koma gida na fasa asusuna, na ƙulle abin da ke ciki a ɗankwali na kawo mata. Na ce ba rance ba ne, ta sayi kwano da katako.

Ta kwance ɗankwalin, ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Mukarrama, ina kika samu wannan?”

Na ce, “Na ƙarƙashin murfi ne, Hajiya. Da kaɗan-kaɗan na tara.”

Ta rungume ni ta ce ni 'yarta ce duniya da lahira. Ɗanta Abdussalam na tsaye a gefe, bai daɗe da dawowa daga Abuja ba inda ya yi aiki a wani otal. Na ga shi ma ya zuba wa ɗankwalin ido, na ɗauka tausayi ne. Ni da wauta.

Aka sake gina wuri, aka sa fanka da kujerun roba, Abdussalam ya zama manaja. Yaron da na sha goge wa majina tun ina budurwa, yanzu da biro maƙale a aljihu yana ce mana “sitaf”, wato ma'aikata. Ba a jima ba ya tara mu, ni da Hassana abokiyar aikina, ya ce ya zo da tsarin birni. Daga yanzu duk wanda ya ci abinci za a ɗora masa kashi goma cikin ɗari, sunansa kuɗin hidima, dole ne, kuma namu ne, za a raba mana ƙarshen wata.

Ya ce, “Anti Mukarrama, ki duba. Yau wani ya kife murfi, gobe wani ya tashi ya kakkaɓe riga. Da wannan, marowaci ma sai ya biya. Ba sauran jiran tsammani.”

Hassana ta ce ita dai da tsohuwar zuma ake magani. Ni kuwa na dubi Hajiya.

Hajiya ta ce, “Ni zan cuce ki? Naku ne, ko sisi ba na so. Amma mutanen nan ke suka sani, bakinki suke ji. In Abdul ya faɗa za su ce yaudarar 'yan boko ce. Ke za ki yi musu bayani.”

Laraba ta zo, wuri ya cika, na tsaya tsakiya na yi bayani. Kafin in rufe baki musu ya kaure. Wani direban tirela ya ce gaskiya ne, ya gaji da ganin masu manyan riguna suna sa a yi ta kai da kawo, ƙaro miya, kawo ruwan sanyi, su tashi ba ko sannu. Wani mai tumatir daga Ikara ya ce in dai ƙarin kuɗin tuwo ne a fito a ce ƙarin kuɗin tuwo, a daina yi masa rawani.

Malam Tukur, mai makarantar allo a Malikanchi, da ke zuwa kasuwa sayen awaki, ya ajiye cokali. Ya ce, “Ni abin da na sani, kyauta da dole ba sa kwana ɗaki ɗaya. In na kife murfi, ni da Ubangijina muka sani. In aka rubuta mini a takarda, haraji na biya. Ladan ma a ina zan nema?”

Direban ya ce, “Allah gafarta Malam, lada ba ya sayen masara. Ita dai ta samu.”

Alhaji Jumare bai sa baki ba sai da kowa ya gaji. Sannan ya ce, “Mukarrama, tambaya ɗaya. Kuɗin nan hannunki zai shiga?”

Na ce, “Wallahi Alhaji hannunmu zai shiga.”

Malam Tukur ya ce, “'Yar nan, kada ki rantse a kan abin da ke aljihun wani.”

Raina ya ɓaci, don ni ba na son a taɓa Hajiya. Na ce, “Allah gafarta Malam, aljihun uwata ne. In ƙarya ne, ku kama ni.”

Alhaji ya ce shi ke nan, tunda ni na faɗa. Ranar ya mayar da murfin kan kwanonsa daidai, ya biya har da kuɗin hidima, ya fita. Kowa ya bi sahu. Ba laifinsu ba ne, wa zai biya abu sau biyu? Ni da bakina na hana su.

Wata ya ƙare, Abdussalam ya ce ana daidaita lissafi. Wani watan ya kama, ya ce mu ƙara haƙuri. A gida na koma auna gari da gwangwanin madara, Nana Firdausi ta daina tambayar murfi don ta ga fuskata ba ta son tambayar. Hassana kullum sai ta yi mini waƙa a wurin wanke-wanke, wai wanda ya hau motar kwaɗayi tashar wulaƙanci za ta sauke shi. Ina ce mata ta jira ta gani, Hajiya ba ta saɓa alkawari.

Rannan da safe sai ga a-kori-kura ta sauke kwalaye. Farantan tangaran ne farare, masu faɗi, irin na otal. Aka kwashe kwanukanmu na samira aka kai baya. Hassana ta ɗaga faranti ɗaya ta juya shi, ta ce, “Mukarrama, ina murfin?”

Na ce na birni ba su da murfi. Sai da maganar ta fita daga bakina na gane abin da take nufi.

Ƙarshen wannan watan Abdussalam ya kira mu, ya miƙo mana albashinmu na kullum, ba ƙarin ko kwabo. Na ce ina kuɗin hidima?

Ya ce, “Ga shi a hannunki, Anti. Daga cikinsa ake biyan albashi yanzu. Abin da ya ragu aka sayo kayan aikinku, farantan nan. Ai ku ke amfani da su. Haka ake yi ko'ina.”

Ban tsaya ɓata yawuna a kansa ba, yaro bai san wuta ba sai ya taka. Na wuce kicin wurin Hajiya, tana zaune tana gyaran zogale. Har a lokacin, wallahi, na ɗauka ba ta sani ba. Na durƙusa na faɗa mata abin da ɗanta ya yi, ina jiran ta miƙe ta ci mutuncinsa.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “Ni na ce ya yi.”

Na ce, “Hajiya, na rantse wa mutane.”

Ta ce, “Ke kika rantse.” Ta kakkaɓe zaninta, sannan ta dube ni. “Bari in gaya miki, Mukarrama. Tun ranar da kika kwance mini ɗankwalin nan ban yi barci mai daɗi ba. A rumfata, da tuwona, da itacena, a ce 'yar aikina ta tara abin da ni mai wurin ban da shi? Har ki zo ki ba ni sadaka a gaban ɗana?”

Na ce, “Ba sadaka ba ce, Hajiya. Uwata na ga tana kuka.”

Ta ce, “To uwarki ta share hawaye. Tashi ki ɗora ruwan tuwo.”

Na sha jin zafi a rayuwata, na binne miji, amma wannan daban ne. Da ɓarawo ne ya fasa mini asusu da na yi Allah ya isa na huta. Wannan kuwa ni na ɗauko da hannuna na nuna mata inda abincina yake, don ina ƙaunarta, ita kuma ta bi sawun ta toshe ramin. Na ɗora ruwan tuwon, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Laraba ta zagayo. Alhaji Jumare ya zo, na kai masa tuwonsa a farin faranti. Malam Tukur na teburin kusa. Muka gaisa, ya tambayi yara, na tambayi mutanen Kudan da kasuwa. Sai ya dube ni da kyau ya ce, “Kin rame. Kuɗin hidimar dai yana shigowa ko?”

Hajiya na zaune bakin akwatin kuɗi, ta amsa kafin ni, da muryarta mai zaƙi ta gaban baƙi. “Faɗa masa mana, 'yata.”

Wannan “'yata” ita ta ƙarasa ni. Na ce, “Alhaji, na ce in ƙarya ne ku kama ni. To ga ni. Ko kwabo bai shigo hannunmu ba. Ga kuɗin nan kuna cin tuwo a kansa.”

Kowa ya dubi farantin da ke gabansa. Malam Tukur bai ce ai na faɗa miki ba, ya dai sunkuyar da kai, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Alhaji ya wanke hannu bai gama cin tuwon ba. Na ga ya sa hannu a aljihu, ya dubi tebur, ya dubi gefen farantin, ya ɗaga kofin ruwa ya ajiye. Murfi yake nema. Ga mutane sun zuba masa ido, ga ni tsaye a gabansa, shi kuwa mutum ne da bai taɓa miƙa wa mace kuɗi a bainar jama'a ba. Daga baya ya zaro hannun ba komai, ya ce, “Allah ya kyauta,” ya je ya biya Hajiya har da kuɗin hidima, ya fita.

Da la'asar Hajiya ta kira ni baya. Ta ce daga gobe in huta a gida, in ana bukatata za a yi mini waya. Sai ta jawo wani buhu ta tura gabana. Kwanukan an sayar wa masu gwangwan, amma murafen wai ta ware mini.

Ta ce, “Tunda su kike so. Kya samu na rufe miya.”

Na so in watsa mata su a ƙafa. Amma na ɗauka, ban kuma san dalili ba har yau. Na hau mashin da buhun a cinyata, suna ta ƙara kwaram-kwaram tun daga Maƙarfi har Nasarawan Doya, kowa muka wuce sai ya waiwayo.

Na jefar da buhun a tsakar gida na shiga ɗaki na cire mayafi. Da na fito sai na tarar Nana Firdausi ta zazzage su, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta kife a ƙasa, tun daga bakin rijiya har ƙofar ɗaki. Ta tsuguna a gefe ta rafka tagumi.

Na ce, “Me kike yi?”

Ta ce, “Umma, kada ki taɓa. Bari mu ba su lokaci su haihu.”