Kabarin Kande a Goron Dutse

Isyaku ya shigo birni ta Ƙofar Nasarawa da hantsi, ya nufi Goron Dutse a ƙafa. Tun shekarar da Turawa suka ci Kano aka tafi da shi dako zuwa Lakwaja. Can ya koyi kafinta, can kuma ya zama Kirista. Matarsa Kande ta rasu a bayansa, kuma a duk birnin nan mutum ɗaya ne ya rage da ya san inda aka sa ta: yayanta, Malam Nata'ala.

Malam ya karɓe shi yadda ake karɓar dogari, da tabarma amma ba fara'a. Ya sa aka kawo ruwa a wani tsohon ƙoƙo, Isyaku ya sha, ya san daga yau ƙoƙon ya gama aiki a gidan. Da ya faɗi abin da ya kawo shi, Malam ya ce kabarin Musulma ba wurin yawon buɗe ido ba ne, sai ya ji irin mutumin da zai kai tukuna.

Ya fara da maganar da kowa ke farawa da ita, wai an ce Allahnsu uku ne. Isyaku ya ce ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma shi kafinta ne, ya gaskata amma ba zai iya sassaƙa wa Malam bayanin ba. Malam ya ce ashe ko lissafi sai da Lakwaja ta ɓata. Sannan ya tambaye shi abin da ake yi a aljannar tasu.

Isyaku ya ce sujada ake yi. Jama'a daga kowane harshe suna tsaye gaban kursiyi suna waƙa, suna cewa Mai Tsarki, Mai Tsarki, Mai Tsarki. Babu rana, domin Allah da kansa ne haske, kuma shi zai share wa kowa hawaye da hannunsa.

"Waƙa kawai?" in ji Malam. "Kai da ko kiran awaki ba ka iya ba? To, matan fa?"

Isyaku ya san amsar da za ta buɗe masa hanya. Da ya ce yana sa ran a haɗa shi da Kande a can, da tsohon ya yi laushi. Amma ba haka aka karanta masa ba.

"Ba a aure a can, Malam. Almasihu ya ce kamar mala'iku ake zama."

"Ko da a ce ta shiga, ba matarka ba ce ke nan."

"Ba matata ba ce."

"To, me za ka yi da kabarinta?"

"Nan ne kaɗai ta rage matata."

Matar Malam ita ma ta rasu, kuma duk littattafan da ke cikin gafakarsa ba su hana shi cin tuwo shi kaɗai ba. Ya jawo takalmansa.

A maƙabarta damina ta riga ta yi aikinta. Kaburburan sun baje, fasassun tukwanen da aka sa alama sun nutse cikin ciyawa. Malam ya yi ta kai-komo, ya tsaya, ya koma baya.

"Tsakanin kukar nan da wancan kango," ya ce. "Fiye da haka sai dai in yi maka ƙarya."

Isyaku ya cire hularsa. Malam ya buɗe baki zai ce masa nan ba a haka, sai ya fasa, ya matsa gefe ya ɗaga tafukansa.