Takabata a Ɗakin Karatu

Ruwan da ya rushe mana gida a Mahuta shi ya yi ajalin maigidana, katanga ce ta faɗa masa. Aka kai shi makwancinsa, aka bar ni da 'ya'ya mata biyu da takabar wata huɗu da kwana goma, babu ɗakin da zan zauna in yi ta. 'Yan'uwa kowa ta kansa yake yi, rabin unguwa a firamare suke kwana, labule kaɗai ya raba maza da mata. Wannan ya fi yunwa damuna.

Malam Aƙilu, mai kula da ɗakin karatun da ƙungiyar gari ta gina, mutum ne da ko tari ka yi sai ya harare ka. Amma shi ya aiko matarsa Amatullah ta ce in tattaro yara. Ya ba ni ɗakin baya, inda ɗalibai ke bitar jarrabawa, ya kewaye mini shi da zana har bakin rijiya. Matan unguwa suka raba kwanaki, kowace da ranar kawo tuwonta.

Da aka koma makaranta, sai na jiyo muryar shugaban ƙungiya, Alhaji Bature, ta bayan zana.

"Malam, ɗakin yara ne fa. Ina za su yi bita?"

"Alhaji, mai takaba ce. Ni dai bakina ba zai iya ce mata ta tashi ba."

"To, zan san abin yi."

Na ƙulle 'yan tsummokaranmu ina jiran a sallame mu. Kullum aka yi sallama sai in ce shi ke nan. Har na riƙe Alhaji a raina, Allah Ya yafe mini.

Ba wanda ya zo ya tashe mu. Ranar da na fita takaba, na yi wanka na zagayo in yi wa Malam godiya, sai ga wata doguwar rumfar kara a gindin darbejiya, ɗalibai sun cika benci suna karatu.

"Wa ya kafa wannan?" na tambayi Amatullah.

"Alhaji ne, da hannunsa. Cewa ya yi kada a gaya miki, kar ki ji kin takura wa kowa."

Na tsaya ina kuka, ina sa wa Alhaji albarka.