Abin da Mai Wanka Ya Gani

Duk wanda ya san Ƙofar Dundaye ya san Malam Mode mahauci, ya kuma san bakinsa ba ya hutu. Ka je sayen tsoka ɗaya, sai ya ba ka tarihin saniyar tun daga rugar da aka haife ta. Amma akwai abu guda da ba a taɓa ji daga wannan bakin ba. Shekara talatin da ɗoriya shi ke wa mazan unguwa wankan gawa, ko sau ɗaya bai taɓa fitowa daga bayan labule ya ce ga abin da ya gani ba, ko ga matarsa Ashatu. Haka mahaifinsa ya hore shi: abin da ka gani a jikin mamaci amana ne, tare da shi ake rufewa. Shi ya sa tsofaffi ke barin wasiyya cewa Mode ne zai wanke su.

Ran wata Talata bayan azahar, saura mako uku zaɓe, aka harbe Alhaji Badaru a hanyar Wamakko. Kujerar majalisar jiha yake nema, kuma kowa ya san shi zai ci. Wurin Mode kuwa ba ɗan takara aka kashe ba, abokinsa ne da suka tashi tare a kasuwar shanu suna riƙe wa iyayensu igiya. Shi ya wanke shi, Allah Sarki. Kafin magariba an kai shi makwancinsa.

'Yan sanda suka tafi da motar da babbar rigar mamacin. Kwana huɗu sai ga su sun kama Sahabi, direban da ya shekara goma sha ɗaya yana tuƙa Alhaji. Wai harsashin daga hagu ya shiga, ɓangaren direba, tunda Alhaji a gaba yake zama kusa da shi. Sahabi ya rantse ya maya cewa mutum biyu ne a kan babur suka ɓullo ta dama. Wa ya saurare shi?

Lauyansa ya ce a kawo motar, aka ce ai an wanke ta, wai wari ya dame su a harabar ofis. Ya ce to a kawo rigar. Aka yi ta gobe, jibi, har wata guda, sannan aka fito da ita a leda, wai gara ta shiga ɗakin ajiya. Gara mai ilimi kuwa, ba ta taɓa wuya ba, ba ta taɓa aljihu ba, sai gefe biyun da ake nema ta cinye tas. Jama'a suka yi ta cacar baki, 'yan sanda na cewa kuskure ne, mutanen Alhaji na cewa da gangan ne. Shi dai Sahabi yana tsare, kuma hukuncin laifin da ake tuhumarsa kisa ne.

Mode ya san gaskiya, abin da ya hana shi sakat ke nan. Wankan gawa daga dama ake fara shi. Da ya ɗaga hannun daman abokinsa, a ƙarƙashin hammata ya ga ramin, ɗan ƙarami, kan yatsa zai toshe shi. Da ya koma hagu ya tarar da inda ya fita, faɗin tafin hannu. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin nama ba a koya masa mashiga da mafita.

Sai surutu ya ɗauke. Masu sayen nama suka fara tsokanarsa, ko an yi masa asiri ne. Ashatu ta ajiye masa fura ta dawo ta same ta yadda ta bar ta.

"Malam, in ciwo ne ka hwaɗi."

"Ba ciwo ba ne."

Ba ta ƙara tambaya ba, ta san inda iyakarta take a wannan maganar.

Wanda ya fi karya masa zuciya shi ne Malam Jafar, mahaifin Sahabi. Tsoho ne tukuf, ido ya yi rauni. Kullum da hantsi zai dogaro sanda ya zo ya zauna a bencin da ke gefen teburin nama, su gaisa, ya yi shiru har rana ta take, ya tashi. Bai taɓa tambayar komai ba. Ran nan Mode ya kasa daurewa.

"Baba Jafar, in magana ce ta kawo ka, ka yi ta."

"Ban zo roƙo ba, Mode. Na san aikinku, ni ma da sunanka na bar wasiyya. Zama kusa da kai dai yana rage mini zafi."

Mode ya juya baya, wai yana wasa wuƙa.

Ya je wurin liman. Liman ya ce shari'a ba ta hana shi faɗa ba, ceton rai ya fi ƙarfin shiru. Mode ya yi godiya ya fito, amma nauyin na nan. Ai ba liman ba ne ya kwanta a gabansa babu sutura. Badaru ne, mutumin da ko a kogi suna yara ba ya tuɓe riga gaban mutane. Yaya zai tsaya a kotu, gaban 'yan jarida, ya yi ta bayanin hammatarsa?

Ana haka Hajiya Bara'atu, matar marigayin, ta aiko kiransa. Tana cikin takaba, ba ta fita. Ya zauna a zaure, ita tana bayan labule, ƙafafunta kawai yake hange.

"Malam Mode, ban kira ka don ka hwaɗa mini mi kag gani ba. Ba ni son ji, ba zan iya ba."

"To, Hajiya."

"Ka san ranar da 'yarmu Sumayya ta faɗa rijiya tana shekara huɗu? Sahabi ne ya shiga. Alhaji ya ce mini, yaron nan ko bayan raina kada a bari ya wulaƙanta." Ta gyara zama. "An wanke mota, an ba gara riga. Jikin Alhaji kaɗai ba su kai gare shi ba, shi kuma kai ya bar wa."

"Amana ce, Hajiya. Ban taɓa ba."

"Na sani. Amma sirrin jikin Alhaji nawa ne shekara ashirin da shida kafin ya zama naka. In akwai mai iko da shi a doron ƙasa, ni ce. Na sake ka, ka tahi ka hwaɗi. In ya tambaye ka gobe kiyama, ka ce Bara'atu ce."

Nan Mode ya yi kukan da bai samu ya yi ba ranar wanka. Ita ma yana jin nata ta bayan labulen. Ba wanda ya rarrashi wani.

A kotu bai yi dogon zance ba, shi da ke iya cika kasuwa da labari. Ya ɗaga hannunsa na dama ya nuna a jikinsa, ya nuna hagu. Mai gabatar da ƙara ya yi murmushi ya ce ko Malam likita ne.

"Ni mahauci ne, ranka ya daɗe. Ban san sunan ƙashi da Turanci ba, amma na san inda ƙarfe ya shiga."

Alƙali ya ba da belin Sahabi, bayan zama biyu aka sallame shi. Masu babur har yau ba labari, zancen riga kuma kwamiti aka kafa masa, kun dai san sauran.

Mode kuwa ya biya kuɗin bakinsa. Aka yi rasuwa uku a unguwa ba a aiko masa ba, sai dai ya ji sanarwa ya bi sahu kamar kowa. Ba wanda ya zage shi, wasu ma har jinjina masa suke. Amma ya ga yadda tsofaffi ke kawar da kai, kuma bai ga laifinsu ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya ce wa Ashatu ta ɗauke butocin wankan daga zaure.

Wata safiya yana rataye cinya sai ga Sahabi, ya rame, idanu jajur. Ya durƙusa.

"Baba Mode, tsoho ya cika bayan asuba."

Mode ya yi salati ya ajiye wuƙa. Ya yi ta'aziyya, ya yi addu'a, sannan a hankali ya ce akwai Malam Nura mai wanka a bayan masallaci, hannunsa na da kyau.

"A'a, Baba. Shekaranjiya na tambaye shi ko zai sauya wasiyya, don na ji abin da mutane ke cewa. Ya ce in gaya maka, wanda ya san ranar yin shiru kuma ya san ranar magana, shi yake so a kansa."

Mode ya daɗe yana kallon bencin da ba kowa a kai. Ya wanke hannu, ya aika gida a fito da butoci.

A bayan labule su biyu ne da tsohon. Sahabi ya ɗauki buta, bai san inda zai nufa ba. Mode ya gyara mayafin, ya kama hannun Malam Jafar a hankali kamar mai gudun kada ya tashe shi.

"Zuba, ɗana," ya ce. "Ta nan, daga dama."