Luguden Matan Hafsoshi

Eduviges na tsaka da shafa wa wani soja zuma a rauni, sai ga Brígida, matar Laftana, ta faɗo rumfar a guje, ko kwandon wankinta ba ta tsaya ɗauka ba.

"Sifaniyawa! Suna ƙetaren rafi, da alfadarai da komai!"

Eduviges ta ajiye zumar ta miƙe. Mijinta, Kyaftin Nicanor, ya fita da mayaƙan ƙwatar 'yanci daga Sifaniya, ya bar mata wannan asibitin daji a tsaunukan gabashin Kuba. Daga mata sai majinyata, rabinsu ko zama ba sa iyawa. Kowa kuwa ya san abin da Sifaniyawa ke yi wa mai rauni in sun same shi kwance.

"Mu kwashe su mu gudu!" in ji Brígida.

"A bayan wa? Naki?" in ji Doña Tomasa, matar Kanar, tsohuwar da bakinta ba ya hutu.

Idon Eduviges ya sauka kan turmin gahawa. Nicanor ya sha gaya mata cewa 'yan leƙen asirin abokan gaba ba sa kusantar sansani. Daga nesa suke kasa kunne da safe, yawan dakan gahawa shi ke gaya musu yawan mayaƙa.

"Ku fito da turame!" ta ɗaga murya. "Har da kwamin aladu! Kowace ta kama gefen tsauni, ta hura wuta!"

Kafin ka ce me, tsauni ya ɗauka. Wannan na daka tsakuwa, waccan na dukan kututture, hayaƙi ya turnuƙe ta ko'ina. Doña Tomasa ta hau dutse, ta ari muryar mijinta.

"Saje! Ina dawakin runduna ta uku? Ragwayen banza!"

"Ga su nan, ranka ya daɗe!" majinyata suka amsa daga kwance, wasu na dariya suna dafe ciwo.

"Doña, ashe ke ce Kanar ɗin!" in ji Eduviges tana haki.

"Tun ba a haife ki ba, 'yar nan. Shi gashin baki kawai ya tara. Daka!"

Eduviges ta ci gaba da daka. Tsoron ya bi gumi ya fita, wani irin daɗi ya cika ta, har ta ji kanta tana waƙa. Rana ta ɗaga sosai kafin Brígida ta ƙwala ihu daga kan bishiya.

"Sun juya! Na rantse sun juya!"

Mata suka watsar da taɓare, suka rungume juna suna kuka da tsalle.

Bayan an ci abincin rana sai ga Nicanor da mayaƙansa a jere, fes da su, gashi a taje.

"Ina Janar?" ya tambayi Eduviges ƙasa-ƙasa. "Tun safe muka jiyo dakan rundunarsa daga bayan tsauni. Sai muka tsaya a wata ƙorama, kada ya gan mu buɗu-buɗu."

Eduviges ta dubi tafukanta, duk sun yi kanta sun fashe. Haushi ya taso mata, dariya ta danne shi.

"Wato wanka kuka tsaya yi."

"Eh mana. Janar fa!"

"Madalla, ashe ba ku gaji ba. Gobe Sifaniyawa za su dawo da igwa su yaƙi Janar ɗin naka, dole mu bar nan yau. Kama wancan gefen gadon majinyacin nan mu ɗauke shi."

Kyaftin ya dubi turame, ya dubi hannuwan matarsa. Ya jingine addarsa, ya sunkuya ya kama.